Lissafi yana ɓata yaro ko yana gyara shi?

Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, ga wata magana da nake so mu auna tare. Ka shiga ajin yaƙi da jahilci. Yau ka iya haɗa baƙi, ka iya rubuta lamba daga 1 har 1000. To, ga yaro a gidanka, ɗan shekara shida ko bakwai. Ya kamata ka zaunar da shi ka koya masa lissafi, ko kuwa ka ƙyale shi sai ya girma?

Tambayar kamar mai sauƙi ce. Amma a nan ƙasarmu ta Dogo-Dogo bakin mutane bai zo ɗaya a kanta ba. Akwai dattawa masu hankali da ba su son abin. Kada mu yi saurin cewa duhun kai ne. Mu fara jin hujjarsu tukuna.

Abin da dattawa ke tsoro

Na farko suna cewa: yaron da ya iya ƙirga tun yana ƙarami, idonsa yakan buɗe a kan kuɗi. Yau ya ƙirga ƙosai, gobe ya ƙirga damman ubansa, jibi ya ƙirga lomar baƙo. Daga nan sai rowa.

Na biyu suna cewa: wa ke cutar mutane a kasuwa? Ai ba wawa ba ne. Wanda ya iya lissafi ne yake tauye mudu, shi ne yake ba da bashin buhu ɗaya da damina ya karɓi biyu da kaka. In ka koya wa yaro lissafi, ka ba shi makamin cuta.

Na uku suna cewa: arziki na Allah ne, yawan ƙirga yana cire albarka. Shi ya sa in ka tambayi mutum ƴaƴansa nawa, ko shanunsa nawa, ba ya son faɗi.

Akwai gaskiya cikin wannan tsoro. Kowannenmu ya san mutumin da ya mai da komai ciniki, har gaisuwa. Amma kafin mu yanke hukunci, mu dubi abu uku: halin da yaranmu ke ciki, abin da kakanninmu suka yi, da kuma wanda rashin lissafi yake cuta.

Yaro ya riga ya shiga lissafi

Dubi yarinyar da ke talla. A ce uwarta ta zuba mata ƙosai 30, ana sayar da uku dala biyar. In ta sayar duka, dala 50 za ta kawo. To, ta dawo da dala 40 da ƙosai 6 cikin kwano. Kuɗi sun cika ko ba su cika ba? Mu lissafa. Ƙosai 24 ta sayar. Cikin 24 akwai uku-uku har takwas. Takwas sau dala biyar, dala 40 ke nan. Kuɗi sun cika cif. Amma in uwa ba ta tsaya ta lissafa ba, kuma yarinya ba ta iya bayani ba, sai ta sha duka a kan laifin da ba ta yi ba. Wata rana kuma wani babba zai ruɗe ta wajen canji, ta dawo da kuɗi ragagge, ta sake shan duka.

Ka gani, ba mu ne za mu shigar da yaro cikin lissafi ba. Ranar da aka fara aiken sa sayen gishiri, ranar ya shiga. Abin da ya rage mana shi ne: mu bar shi ciki da ido rufe, ko mu buɗe masa ido?

Kuma yaran nan sun fi yadda muke zato sani. A shekarar 1985 wasu masana a garin Resife na ƙasar Barazil suka bayyana wani gwaji da suka yi da yara biyar masu talla, ƴan shekara 9 zuwa 15. Suka zo musu kamar masu saye. A wurin ciniki, yaran sun ba da amsa daidai kashi 98 cikin ɗari. Bayan haka aka zaunar da su da takarda, aka ba su lissafi iri ɗaya cikin ɗan labari, suka ci kashi 74. Da aka ba su lambobi tsura, babu labari, sai suka ci kashi 37 kawai. Yaro ɗaya, lissafi ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne ko yaron ya gane abin da ake ƙirgawa.

Yaron Dogo-Dogo ma aikinsa ya fi wuya. A jikin kuɗi an rubuta 100, mu kuwa muna cewa dala ashirin. An rubuta 500, muna cewa dala ɗari. An rubuta 1000, muna cewa jika. Kullum yana raba lamba gida biyar a kansa, ko da bai san sunan abin da yake yi ba. Ga kuma naira, tunda muna bakin iyaka, mutanenmu suna cin kasuwar Maigatari. Yaron da ke juya dala da naira ba daƙiƙi ba ne, ko da mushe ya ba shi sifiri a lakkol.

Kakanninmu ba su guji lissafi ba

Wasu suna tsammani lissafi kayan Nasara ne. Ba haka ba ne. Zamanin da ake ciniki da wuri, akwai gwanayen ƙirga a kowace babbar kasuwa. A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth ya sauka a Tasawa, ya ga yadda ake ƙirga wuri biyar-biyar da yatsu, ana tara shi tsibi-tsibi har dubbai.

Tun kafin wannan, an yi wani malami Bafillace mutumin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi. Ya tafi hajji, ya zauna a Alƙahira ta Masar. A shekarar 1732 ya rubuta littafi a kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen hatimi, kowane layi ya ba da jimla ɗaya. A can ya rasu a shekarar 1741. Har yau masana lissafi suna ambaton sa.

In muka koma baya sosai, wajen shekarar 820, wani malami a Bagadaza mai suna Alhawarizmi ya rubuta littafin lissafi wanda duniya ta daɗe tana amfani da shi. Babban kashi na littafin a kan rabon gado ne da wasiyya: wani ya rasu ya bar kaza, magadansa su wane da wane, nawa kowa zai samu? Lissafi ne mai labari, irin wanda nake so ka yi da ɗanka.

Ka dubi zakka. Gonar da ruwan sama ya shayar, in amfaninta ya kai nisabi, ɗaya cikin goma ake fitarwa. Wadda aka shayar da wahalar ban ruwa, ɗaya cikin ashirin. Tumaki ko awaki in sun kai 40, ana fitar da ɗaya. Yaya mutum zai fitar da zakka daidai in bai ƙirga dammansa ba? Ashe ƙirga ba ya cire albarka. Da shi ake fitar da haƙƙin miskini.

Ka dubi mata kuma. Adashe lissafi ne: mu nawa, zubi nawa, yaushe kwasar wance. Biki ma lissafi ne. Mace tana riƙe a kanta abin da ƙawarta ta kawo mata ranar suna, don in nata ya zo ta mayar da abin da ya fi. Ba wanda ya ce wannan ya ɓata zumunci. Da shi zumuncin yake tafiya. Wadda ta manta abin da aka kawo mata, ita ce ake jin haushi.

Rashin lissafi, wa yake cuta?

Yanzu mu koma ga hujja ta biyu, cewa mai lissafi ne ke cuta. Gaskiya ne. Amma wa yake cuta? Wanda bai iya ba. Macuci ba ya son ya gamu da wanda ya iya karanta sikeli. In ka hana ɗanka lissafi, ba ka rage macuta a kasuwa ba, ka ƙara musu mutum ɗaya da za su ci.

Tsofaffinmu sun ga wannan da idonsu zamanin gyaɗa, lokacin da ƙasar Magarya ke cikin manyan masu nomanta a Nijar. Manomi ya kai buhunsa, wani ya ɗora a sikeli, wani ya rubuta, wani ya ƙirga kuɗi. Abin da aka faɗa masa shi ne nasa. A shekarar 1962 aka kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma, a 1963 aka fara aikin yaƙi da jahilci na manya. Cikin shekarun da suka biyo baya, a ƙasar Damagaram da ta Maradi, aka yi kasuwannin gyaɗa inda manoma ke zaɓen masu awo da masu rubutu daga cikinsu. Sai aka ga dole ƙauye ya sami mutanen da suka iya lamba. Ba don su cuci kowa ba. Don kowa ya ga awonsa da idonsa.

Akwai kuma cutar da mutum ke yi wa kansa. A ce gidanka yana cin tiya 2 ta gero kowace rana. Buhun kilo 100 yakan ci tiya 40, ko kusa da haka. Buhu ɗaya kwana 20 ke nan. Daga kaka zuwa kaka, a ce kwana 360, kana bukatar buhu 18. In abin da ka samu buhu 12 ne, zai kai ka kwana 240, wato wata takwas. Saura wata huɗu babu, kuma su ne watannin noma, lokacin da hatsi ya fi tsada kuma jiki ya fi son abinci. Wanda ya yi wannan lissafi tun da kaka, zai yi tunani sau biyu kafin ya sayar da gero don hidimar da za ta iya jira. Zai san ko ya tafi cin rani, ko ya yi lambu. Wanda bai yi ba, sai ranar da ya leƙa rumbu ya ga ƙasa. Waɗanda suka ga 1984 da 2005 sun san abin da nake faɗi. Lissafi ba ya kawo ruwan sama, amma yana gaya maka gaskiya tun da sauran lokaci.

Wani zai ce: ai yanzu salula tana lissafi. Haka ne. Amma salula abin da ka danna take yi. Ba ta san ko tarawa ya kamata ko ɗebewa ba. Ba ta san tiyar da aka auna maka an buga gindinta ba. Wannan aikin kai ne.

Inda lissafi ya tsaya

To, ina gaskiyar dattawa? Ga ta nan. Lissafi yana gaya maka nawa. Ba ya gaya maka abin da ya dace.

Ka ba yaro dabino 7, ka ce ya raba wa yara uku. Kowa ya sami 2, saura 1. Nan lissafi ya gama aikinsa. Wa za a ba ɗayan da ya rage? Ƙaramin? Wanda bai karya kumallo ba? Baƙo? Ko mai rabo ya jefa a baki? Babu lambar da za ta amsa wannan. Hali ne zai amsa. Yaron da ya san cewa ɗaya ya rage, kuma ya miƙa wa ƙanensa, shi ne ya yi kyauta. Wanda bai san ya rage ba, bai yi kyauta ba, bai yi rowa ba, kuskure kawai ya yi.

Saboda haka labarin da ka zuba lissafi a ciki yana da nauyi. In kullum tambayarka ita ce riba nawa aka ci, yaro zai ɗauka riba ce kaɗai abin ƙirgawa. In wata rana ka tambaye shi zakkar dami 70, ya ce 7, ya koyi rabawa, ya kuma koyi cewa akwai rabon wani cikin abin da ya noma. In ka ce masa: mai tebur ya yi mantuwa ya ba ka canjin dala 15 maimakon dala 10, nawa za ka mayar masa? Ya koyi ɗebewa, ya kuma ji cewa ana mayarwa.

Akwai kuma abin da ba a ƙirgawa, kuma yaro ya ji haka daga bakinka. Alherin da aka yi maka, riƙe lissafinsa. Alherin da ka yi wa wani, saki lissafinsa, don ƙirga shi ne ke haifar da gori. Bashin da ake bin ka, rubuta shi. Tuwon da baƙo ya ci, kada ka rubuta. Dattijon da ke tsoron lissafi, wannan iyaka yake tsoron a ƙetare. Maganin abin ba hana yaro lissafi ba ne. A koya masa lissafin tare da iyakarsa.

Ga wani abu kuma. Wajen shekarar 1980, a garin Grenoble na Faransa, aka yi wa yara ƴan makaranta 97 wannan tambaya: cikin wani jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun mai tuƙin jirgin nawa? Tambayar ba ta da amsa. Amma yara 76 suka yi aiki da lambobin suka ba da amsa, kamar a tara 26 da 10 a ce shekara 36. Ba wauta ce ta sa su ba. Sun saba cewa in babba ya yi tambaya, dole a ba shi lamba. Yaron da ya saba haka, gobe in aka miƙa masa takarda aka ce ya sa hannu, zai sa. Gwada wannan tambaya da ɗanka, ka mai da jirgin garke, mai tuƙi makiyayi. In ya ce, "Baba, ai ba a iya sani," ka yaba masa fiye da ranar da ya ci lissafi goma. Ya koyi faɗin gaskiya a gaban babba, cikin ladabi.

Yadda za ka yi a gida

Kada ka ce ba ka yi lakkol ba. Sau da yawa yaro yana faɗuwa lissafi a lakkol ne don labarin ya zo masa cikin Faransanci, bai gane abin da ake tambaya ba. An daɗe da lura da haka. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a unguwar Zengu ta Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa. Kai kuwa Hausa a bakinka take, kuma ka san gona, ka san kasuwa. Ga shawarwari kaɗan.

Na ɗaya, fara da abin da hannu ke taɓawa: tsakuwa, ƙwayar gyaɗa, kara, ramukan dara. Lamba a allo ta zo daga baya.

Na biyu, ɗauko labarin daga gidanku. Kaji 9, shirwa ta ɗauki 2, saura nawa? Jarka 4 da safe, 3 da marece, nawa aka ɗebo? Ga ɗan shekara shida, kada lamba ta wuce 10 ko 20. Tambaya biyu ko uku bayan tuwon dare sun isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, kafin ya lissafa, sa shi ya maimaita labarin da bakinsa. Tambaye shi: abin zai ƙaru ne ko zai ragu? In ya gane wannan, ya yi rabin aiki.

Na huɗu, kada ka yi saurin ba shi amsa. Yi shiru, bar shi ya ƙirga da yatsu. In ya faɗi, ko daidai ko kuskure, ka ce, "Yaya ka yi ka samu?" Sau da yawa yana cikin bayani zai gano kuskurensa da kansa. Amsar da ka ba shi taka ce, wadda ya samo ita ce tasa.

Na biyar, ban da bulala, ban da zagi. Yaron da ake duka a kan kuskure ba lissafi yake koya ba. Yana koyon ɓoye kuskure ne da satar amsa, kuma wannan shi ne mafarin cutar da muke gudu.

Na shida, kada a bar ƴaƴa mata baya. Su ne ke ɗaukar talla yau, su ne za su riƙe adashe da awon abincin gida gobe. Uwa, ke ce kin fi kowa dama. Kafin ƴarki ta fita, ku ƙirga kayan tare. In ta dawo, ku ƙirga kuɗin tare, ita ce za ta faɗi ko sun cika.

Na bakwai, wata rana ku juya. Yaro ya ƙago tambaya, kai ka amsa. In ka yi kuskure ya kama ka, ka yarda a gabansa. Girmanka ba zai ragu ba, shi kuwa zai ga cewa gaskiya tana sama da babba da yaro.

Ga kuma wasa irin na malamin Katsina. Zana gida tara a ƙasa, uku-uku. Ku zuba lamba 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, yadda kowane layi zai ba da 15, a tsaye, a kwance, da a karkace. Ga ɗan taimako: 5 a tsakiya take.

Amsarmu

Ɗan'uwa, lissafi shi kaɗai ba ya sa yaro ya zama mai gaskiya, ba ya kuma sa shi ya zama macuci. Amma ba a yin adalci sai da shi. Ba ka iya cika mudu in ba ka san cikarsa ba. Ba ka iya biyan bashi daidai in ba ka san nawa ne ba. Ba ka iya raba gado, marayu su sami nasu, in kana ƙiyasi. Ko ka koya masa ko ba ka koya masa ba, ɗanka zai koyi ƙirga wata rana. In ba a tabarmarka ba, to a tasha ko a bakin kasuwa, wurin wanda ba zai gaya masa ana mayar da canjin da ya wuce ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daren yau, tara tsakuwa goma, ka kira shi. Amsar da kuka samu ta gida tara, ku kawo ta aji mu duba tare. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu cika awo.